Nahawun Hausa da Gyaran Jimlar Ingilishi: Matsalar Ɗalibin Gwiwa a Zauren Jarrabawa

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a cikin dukkan darussan da ake koyarwa a makarantun sakandare na Nijeriya, babu wanda yake tsare wa ɗalibi hanya kamar Ingilishi. Yaro yana iya cin lissafi da kimiyya da tarihi da duk sauran darussa, amma muddin bai sami kiredit a Ingilishi ba, watau darajar C6 ko abin da ya fi ta, to ƙofar jami'a a rufe take gare shi har sai ya sake zama. Sake zama kuwa kuɗi ne da shekara guda ta rayuwa. Ga ɗan manomi, wannan yana nufin buhunan gero ko gyaɗa da za a sake kaiwa kasuwa. Ga 'ya mace, sau da yawa yana nufin ƙarshen karatun ke nan ɗungurungum.

An zaɓi Gwiwa don ta zama madubin wannan bayani. Gwiwa ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a shekarar 1991. Tana cikin masarautar Kazaure tare da ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da 'Yankwashi, kuma tana maƙwabtaka da Jihar Katsina. Ƙasa ce ta noma da kiwo. Yaron da ya tashi a nan, da Hausa ko Fulatanci yake kwana yake tashi, da Hausa yake ciniki a kasuwa, da ita yake sauraron rediyo. Ingilishi bai cika haɗuwa da shi ba sai a cikin aji, kuma da zarar an tashi daga makaranta sun rabu ke nan sai gobe. Duk da haka, takardar tambayoyin da za a miƙa masa ita ce dai wadda za a miƙa wa ɗan Ikko wanda ya buɗe baki da Ingilishi tun yana goye.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa kura-kuran da irin wannan ɗalibi yake yi a jimlar Ingilishi suna da tsari, kuma mafi yawansu daga ƙa'idojin Hausa suke tasowa. Saboda haka wanda ya san nahawun harshensa ya riga ya riƙe rabin mabuɗin gyaran jimlar Ingilishi.

2.0 Abin da Jarrabawa Take Nema

Hukumomi uku ne suke tsaye a kan hanyar ɗalibi. Ta farko ita ce Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a 1952. Ta biyu ita ce NECO, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1999. Ta uku ita ce JAMB, mai kula da shiga manyan makarantu, wadda ta soma aiki a 1978, kuma tun daga 2015 ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta.

A jarrabawar WAEC, Ingilishi takarda uku ce. Ta ɗaya tambayoyi 80 ne na zaɓen amsa a kan kalmomi da ginin jimla. Ta biyu ta ƙunshi insha'i da auna fahimta da taƙaitawa. Ta uku tambayoyi 60 ne a kan furuci. A wajen duba insha'i, bisa tsarin da aka saba bi, akan ware maki 10 don tsabtar nahawu da ƙa'idojin rubutu, kuma kowane kuskure yana cin rabin maki. Ke nan kuskure 20 sun isa su share wannan kaso ƙarƙaf, alhali insha'in da ake nema kalma kusan 450 ne. Ɗalibin da yake tuntuɓe sau ɗaya a kowace jimla ya rasa makin nan tun bai kai tsakiyar shafi na biyu ba.

A jarrabawar JAMB kuwa, Ingilishi wajibi ne a kan kowa, ko likita yake son zama ko lauya ko injiniya. Tambayoyin Ingilishi 60 ne, sauran darussa uku kowanne 40, jimla 180 ke nan, kuma awa biyu ake bayarwa. In aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. A cikin wannan ɗan lokaci babu halin dogon nazari. Dole idon ɗalibi ya riga ya san inda kuskure yake ɓuya tun kafin ya zauna gaban na'ura.

Irin wannan awo bai tsaya a Nijeriya ba. Mai neman karatu a Ingila ko Amurka zai tarar da jarrabawar IELTS ko TOEFL tana jiransa, haka kuma ma'aikacin gwamnati yana da tasa jarrabawar ta ƙarin girma, ban da wasiƙu da rahotanni da yake rubutawa kullum, waɗanda da su manyansa suke auna shi ko da ba su faɗa ba.

3.0 Daga Ina Kuskure Yake Tasowa?

Dabarar da ta fi yaɗuwa a tsakanin ɗalibai ita ce a sayi littafin tsofaffin tambayoyi a haddace amsoshi. Wannan yana da ɗan amfaninsa, domin yana sa ido ya saba da fasalin jarrabawa. Sai dai wanda ya haddace cewa amsar tambaya kaza ita ce B, bai san dalili ba, da zarar an sauya suna ko an juya jimlar sai ya faɗa ramin da ya faɗa jiya. Hadda ba ta maganin ciwon da ba a gano tushensa ba.

Masana harshe sun daɗe da binciken wannan tushe. A 1957 wani masani ɗan Amurka, Robert Lado, ya wallafa littafi mai suna Linguistics Across Cultures, inda ya nuna cewa mai koyon sabon harshe yakan kwaso ɗabi'un harshensa na farko ya shigo da su cikin na biyu. Inda harsunan biyu suka yi daidai, koyo yakan zo da sauƙi. Inda suka saɓa, nan ake samun cikas. A 1967 S. Pit Corder na Jami'ar Edinbara ya ƙara da cewa kuskuren ɗalibi shaida ce ta ƙa'idar da yake aiki da ita a cikin kansa, don haka ya kamata malami ya karanci kuskuren kamar yadda likita yake karantar alamun cuta.

A ɓangaren Hausa kuma an yi aikin da ya isa a dogara da shi. F. W. Parsons ya fito da tsarin giredin aikatau guda bakwai a 1960, M. K. M. Galadanci ya wallafa littafinsa na gabatar da nahawun Hausa a 1976, Paul Newman kuma ya fitar da babban kundinsa na nahawun Hausa a shekarar 2000. Kayan aiki dai suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a ɗauko su a aza kusa da nahawun Ingilishi a gaban ɗalibi, ya ga inda hanyoyin biyu suka rabu.

4.0 Wuraren da Harsunan Biyu Suka Rabu

4.1 Aikatau da lokaci

Wannan shi ne babban rami, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. A Hausa, lokaci ba a jikin aikatau yake ba, yana jikin ɗan lamirin da yake gabansa. Ana cewa ya sayi gero, zai sayi gero, yakan sayi gero. Kalmar sayi tana nan yadda take, abin da yake sauyawa shi ne ya da zai da yakan. Ingilishi kuwa a jikin aikatau yake ɗora nauyin: buy, buys, bought, buying. Bahaushe ya saba ya duba gaban aikatau, Bature ya saba ya duba bayansa. Shi ya sa ɗalibi yake rubuta "Yesterday he buy millet" hankalinsa kwance, domin a ganinsa kalmar jiya ta riga ta gama bayani.

Daga wannan tushe kuma wani reshe ya fito. A Hausa ko da an ambaci sunan mai aiki, tilas ne lamiri ya biyo baya: Audu ya zo, Binta ta zo. Ba a cewa Audu zo sai in kiransa ake yi. Ɗalibi sai ya kwashe wannan ya rubuta "Audu he came", alhali a Ingilishi sunan kaɗai ya wadatar.

Har ila yau, shuɗaɗɗen lokaci na Hausa yana ɗauke da aikin da Ingilishi ya raba wa sigogi biyu. Na gan shi yana iya zama "I saw him", yana kuma iya zama "I have seen him". Ƙa'idar Ingilishi ita ce, in an ambaci tsayayyen lokacin da ya wuce, kamar jiya ko bara ko shekarar 2020, to siga ta farko kaɗai ta halatta. "I have seen him yesterday" kuskure ne, kuma yana daga cikin tarkon da masu shirya tambaya suka fi son ɗanawa.

Sai kuma lokaci mai ci. Bahaushe yana cewa ina da mota, ina son ruwa, ina jin Hausa, duka da ina, daidai da yadda yake cewa ina tafiya. Ɗalibi ya koyi cewa ina tafiya shi ne "I am going", sai ya yi ƙiyasi ya ce "I am having a car" ko "I am hearing Hausa". Amma Ingilishi yana da wani rukuni na aikatau masu nuna hali ko mallaka ko abin da ke cikin zuciya, irin su have da know da want da understand da belong, waɗanda a wannan ma'ana ba su karɓar ɗafin -ing. Daidai shi ne "I have a car" da "I understand Hausa". In malami ya jera wa ɗalibi waɗannan aikatau, ya kuma nuna masa cewa kalmar ina ce take yaudararsa, kuskuren yakan mutu a rana ɗaya.

4.2 Suna: adadi da jinsi da ƙananan kalmomi

Hausa tana yarda a kawo suna tilo tare da ƙidaya: buhu uku, shekara goma, mota biyu. Ƙidayar ta riga ta nuna yawa, don haka babu buƙatar jam'i. Ingilishi bai yarda da wannan tsimi ba, sai an ce "three bags" da "ten years". A ɗaya gefen kuma, akwai sunayen da Hausa take jam'antawa amma Ingilishi ya hana. Ana cewa shawarwari da bayanai da kayayyaki, sai ɗalibi ya rubuta "advices" da "informations" da "equipments" da "furnitures". Waɗannan huɗu sun cika wasiƙun ofisoshi, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ya tsira a hannun mai duba jarrabawa.

Game da jinsi, Bahaushe yana da riba yana kuma da hasara. Ribarsa ita ce harshensa ya bambanta shi da ita, don haka bai cika rikita "he" da "she" ba, saɓanin Bayarabe ko Ibo waɗanda harsunansu suke da wakilin suna ɗaya ga namiji da mace. Hasararsa kuwa ita ce Hausa ba ta da jinsi na uku. Mota mace ce, gida namiji ne, rana mace ce, wata namiji ne. Kalmar "it" ba ta da takwara a Hausa, saboda haka sai an koye ta da gangan. Akwai kuma jam'in girmamawa. Yaro mai tarbiyya yana iya cewa Baba sun dawo, amma in ya rubuta "My father have returned" ladabinsa ya ja masa hasarar maki.

Ƙananan kalmomin nan a da an da the su ma abin lura ne. Hausa tana da abin da ya yi kama da su, watau wani da wata, da kuma ɗafin -n ko -r a ƙarshen suna kamar yaron da motar, amma amfani da su ba tilas ba ne kamar yadda yake a Ingilishi. Shi malami ne jimla ce cikakkiya, amma "He is teacher" gurguwa ce. Ƙa'idar da za ta fi taimakon ɗalibi ita ce, duk sunan da ake iya ƙirgawa, in tilo ne, ba ya tsayawa tsirara a jimlar Ingilishi, sai da wata kalma a gabansa.

4.3 Kalma ɗaya a Hausa, da yawa a Ingilishi

Harafin a na Hausa yana aikin in da on da at. Ana cewa a Gwiwa, a kan hanya, a ranar Litinin, a shekarar 1991, Ingilishi kuwa kowanne da irin nasa. Haka kalmar da take aikin with da and. Daga nan ake samun "She is married with a trader" maimakon "married to". Akwai kuma inda Hausa take buƙatar harafi, Ingilishi bai buƙata. An tattauna a kan batun shi ya haifi "discuss about", ya shiga cikin ɗaki shi ya haifi "enter inside".

Aikatau ma haka suke. Kalmar sha tana ɗaukar ruwa da magani da taba da wahala da iska, Ingilishi kuwa drink na ruwa ne, take na magani, smoke na taba. Kalmar ji tana ɗaukar sauti da wari da ɗanɗano da zafi, ga shi Ingilishi ya raba su zuwa hear da smell da taste da feel. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne inda giredin aikatau ya shigo. Hausa daga saiwa ɗaya take fitar da saya da sayar, koya da koyar, ara da aro. Ingilishi kuwa kalmomi ne daban-daban: buy da sell, learn da teach, borrow da lend. Wanda ya ce "Borrow me your pen" ara mini yake fassarawa, bai lura cewa a Ingilishi mai bayarwa da mai karɓa ba su tarayya a kalma ba.

4.4 Ginin doguwar jimla

Bahaushe yana cewa ko da yake ya gaji, amma ya zo. Kalmomin biyu suna tafiya tare kamar ɗan jumma da ɗan jummai. A Ingilishi kuwa in an soma da although, to but ba ta da wurin zama. Haka nan Bahaushe yana cewa yaron da na ba shi littafi, yana maimaita wakilin suna a cikin gangar, sai ɗalibi ya rubuta "the boy whom I gave him the book", alhali Ingilishi ya hana wannan maimaici. Wajen kwatanci Hausa aikatau take amfani da shi, watau fi, kamar ya fi ni tsawo, sifar ba ta sauyawa, shi ya sa ake samun "He is tall than me". Wajen ba da rahoton magana kuma, Hausa ba ta mayar da lokaci baya. Ya ce zai zo, da zai ɗin da mai maganar ya furta. Ingilishin jarrabawa yana so a ce "He said he would come".

Amsar tambaya mai korewa ita ma takan kawo ruɗani. In aka ce wa Bahaushe ba ka je ba?, yana iya cewa i, ban je ba, domin maganar mai tambaya yake gaskatawa. Bature kuwa abin da ya faru yake dubawa, sai ya ce "No, I didn't". Sannan ko ba haka ba? guda ɗaya ce a Hausa, tana bin kowace irin jimla, shi ya sa "isn't it?" ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai, alhali a Ingilishi kowace jimla da irin wutsiyarta: didn't he, won't they, haven't you.

5.0 Jimla Ɗaya, Kuskure Biyar

Domin a ga yadda wannan bayani yake aiki, ga jimla irin wadda ake samu a insha'in ɗan aji shida na sakandare:

"Although my father he has bought three bag of millet yesterday, but he said he will buy more."

Malamin da bai ji Hausa ba zai ga ɓarna ce kawai, ya zuba jan biro ya wuce. Amma a mayar da ita Hausa kalma bayan kalma: ko da yake babana ya sayi buhu uku na gero jiya, amma ya ce zai ƙara saye. Jimla ce lafiyayya, babu inda za a taɓa ta. Kuskure biyar ɗin da ke cikin ta Ingilishi kowanne yana da mahaifi a cikin ta Hausa. Kalmar he ta farko lamirin ya ce. Has bought shuɗaɗɗen lokacin Hausa ne da bai damu da jiya ba. Bag tilo ne na buhu uku. But ita ce amma. Will ita ce zai. In an gyara sai ta koma:

"Although my father bought three bags of millet yesterday, he said he would buy more."

Wannan yaro tunaninsa daidai ne, kuma nahawu yake bi sau da ƙafa, sai dai nahawun wani harshe ne. Bambancin da ke tsakanin a gaya masa haka da a ce masa daƙiƙi, shi ne bambancin da ke tsakanin wanda zai gyaru da wanda zai tsani darasin har abada.

Daga wannan misali ana iya fitar da matakai biyar na duba kowace jimla. A fara nemo mai aiki da aikatau a ga ko sun dace da juna, ko da wasu kalmomi sun shiga tsakaninsu. A nemo kalmar da take nuna lokaci a auna aikatau da ita. A dubi kowane suna, ana ƙirga shi ko ba a ƙirgawa, kuma me ke gabansa. A dubi harafin da ya bi aikatau. A ƙarshe a mayar da jimlar Hausa a zuci: in amsar da ta fi daɗi a kunne ta hau kan Hausa daram kalma bayan kalma, to a sake dubanta da kyau kafin a zaɓa.

6.0 Iyakar Wannan Hanya

Adalci ne a faɗi cewa ba kowane kuskure ne Hausa ta haifa ba. Yaron da ya ce "goed" ko "childs" ƙa'idar Ingilishi ce ya ja ta fiye da iyakarta, kuma 'ya'yan Turawa ma suna yin haka suna ƙanana. Wasu kura-kuran kuma gadonsu ake yi daga allo, domin malamin da ya koyi "staffs" a hannun nasa malamin, ita zai koyar.

Akwai kuma batun Ingilishin Nijeriya, wanda masana irin su Ayo Banjo da Munzali Jibril suka yi nazari a kansa. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da wasu kalmomin Nijeriya, ciki har da Kannywood da okada. Wannan ya nuna cewa harshe na masu magana da shi ne. Su kansu dokokin da ake ji kamar daga sama suka sauko, mutane ne suka tsara su, irin su Robert Lowth wanda ya wallafa nahawunsa a Ingila a 1762. To amma ɗalibi ya sani cewa wannan muhawara ta malamai ce. A zauren jarrabawa daidaitaccen Ingilishi ake nema, kuma kowa ya je gari ya ga ana rawa da ƙafa ɗaya, shi ma sai ya ɗage tasa.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, a daina kallon darasin Hausa da na Ingilishi a matsayin kishiyoyi. Tsarin Ilmi na Ƙasa na 1977 ya tanadi a soma koyar da yaro da harshen gida kafin a koma Ingilishi, kuma gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare, tare da ƙwararren malamin Ingilishi, ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba. Manufofin gwamnati game da harshen koyarwa sun sha sauyawa tun daga lokacin, amma ko wane harshe doka ta zaɓa, babu abin da ya hana malamin Hausa da na Ingilishi a makaranta ɗaya su zauna su jera darussansu, ta yadda makon da ake koyar da lokutan Hausa shi ne makon da ake koyar da na Ingilishi.

Na biyu, wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ɗaruruwan shekaru ke nan malaman zaure suna koyar da nahawun Larabci ta littattafai irin su Ajurrumiyya da Alfiyyar Ibn Malik, suna feɗe jimla kalma bayan kalma, suna bayani da Hausa ko Fulatanci. Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi manyan wallafe-wallafe a fannin nahawu da sarfu. Al'ummar da ta iya li'irabi ba za a ce feɗe jimlar Ingilishi ya gagare ta ba.

Na uku, kwalejojin horon malamai, kamar Kwalejin Ilmi ta Jiha da ke Gumel, su ne wurin da ya fi dacewa a dasa wannan iri, domin daga can ake samun masu shiga azuzuwan Gwiwa da Roni da Babura. Jami'an ilmi na ƙananan hukumomi kuma suna iya tara takardun ɗalibai na zango ɗaya, a ƙirga kura-kuran da suka fi yawa, a yi wa malamai bita a kansu. Wannan bai buƙatar kwangila ko sabon gini.

Na huɗu, shi ɗalibi ya tanadi ɗan littafi ya raba kowane shafi gida uku: abin da ya rubuta, Hausar da ta haife shi, da kuma gyaransa. Kafin zango ya ƙare zai tarar cewa kura-kuransa da yake zaton ba su ƙirguwa ba su wuce iri goma ko goma sha biyu ba, su ne dai suke ta dawowa da sabuwar riga. Ya kuma lazimci karatu, ko jarida ko littafin labari, domin ƙa'ida tana nuna hanya ne, sabo shi yake kawo sauri, kuma daƙiƙa 40 sauri take bukata.

8.0 Kammalawa

Manyan makarantu sun matso kusa da wannan yanki fiye da kowane zamani. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Abin takaici ne a ce an kawo rijiya har ƙofar gida, amma ɗan gida ya rasa guga, guraben su tafi ga waɗansu saboda harafin s guda ɗaya ko kalmar but da ta zauna inda ba wurinta ba. Gugan kuwa yana hannunsa, shi ne harshen da ya tashi da shi. In aka koya masa ƙa'idojin Hausar da yake furtawa ba tare da ya sani ba, aka nuna masa inda Ingilishi ya bi wata hanya dabam, to zai shiga zauren jarrabawa yana sane da ramukan da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce in ka san hanya, dare ba ya hana ka tafiya.